Me kalmar "erstwhile" take nufi, kuma yaya ake fassara ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Kalmar *erstwhile* tana yawan fitowa a jaridunmu, ni kuwa kullum "tsohon" nake sa mata in wuce. To kwanan baya a wajen wani taro na ji mai gabatarwa ya kira shugaban ƙungiyar *our erstwhile chairman*, alhali shi ne a kan kujera har yanzu, jama'a kuma suka tafa. Shin tana da ma'anar girmamawa ne? Mene ne kuma bambancinta da *former* da *bygone*?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu girmamawa a cikinta ko ƙanƙani. Mai gabatarwar nan, ba tare da ya sani ba, ya sauke shugabansu ne daga kujera a bainar jama'a, domin abin da ya faɗa shi ne "shugabanmu na da". *Erstwhile* na nufin abin da ya taɓa kasancewa, yanzu kuwa ba haka yake ba. Iyakarta ke nan. Ba ta nufin mai daraja, ba ta nufin haziƙi, ba ta kuma nufin wanda ya daɗe yana aiki.

Kada ka ga laifinsa da yawa, don ba a nan ƙasar aka fara wannan kuskure ba. Har a Ingila akan ji mai jawabi ya ce *my erstwhile colleague* yana nuna abokin aikinsa da ke zaune kusa da shi, a zatonsa yabo ya yi. A ganina kunne ne ke yaudarar mutane. Kalmar tana da nauyi a baki, kuma tana kama da wasu kalmomin yabo irin su *esteemed* da *earnest* da *worthwhile*, sai wanda bai taɓa duba ƙamus ba ya ɗauka duk 'yan gida ɗaya ne. Wanda ke son ya karrama shugaba a taro, *our esteemed chairman* ko *our distinguished chairman* zai ce.

In ka san asalinta ba za ka ƙara rikicewa ba. Gaɓa biyu aka haɗa: *erst* da *while*. Ta biyun kowa ya san ta, wato ɗan lokaci. Ta farkon ce ta tsufa har ta daina yawo ita kaɗai. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila tun kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, akwai kalmar *aer* mai nufin "kafin" ko "tun da wuri". Daga gare ta aka sami *aerest*, wato "na can farko duka", ita ce ta gajarce ta koma *erst*. Zuriyar *aer* ba ta ƙare ba. *Early* da kake faɗa kullum jikarta ce, haka *ere* da ake gani a tsofaffin waƙoƙin Turanci da ma'anar "kafin". A Jamusanci ma har yau *erst* na nan da ranta, tana nufin "da farko". Haɗin *erstwhile* kansa ya bayyana a rubuce a ƙarni na 16, kuma a lokacin aikin *formerly* take yi, wato "a da". Sai wajen 1900 ta koma sifa mai zuwa gaban suna, kuma wannan aikin ne ya rage mata a yau. Tsohon aikin nata ya kusa mutuwa, don haka kada ka rubuta *he was erstwhile a teacher*, ka ce *formerly*.

Tunda a rediyo kake, ga lafazin. Ka faɗi *first*, ka cire *f* ɗin, abin da ya rage shi ne *erst*. Sai ka ɗora *while* a kai, ka danna gaɓar farko. Kuma da yake da wasali ta fara, *an erstwhile ally* ake cewa, ba *a* ba.

Ta fuskar nahawu tana da sharaɗi ɗaya da ba a ketarewa: dole ta zo a gaban sunan da take siffantawa. Ana cewa *his erstwhile partner*, amma ba a cewa *his partner is erstwhile*. Ba ta kuma karɓar *very* ko *more*, domin abu ko dai ya wuce ko bai wuce ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne aikinka yake. Ƙamus zai ce maka *erstwhile* da *former* ma'anarsu ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Amma marubutan da suka iya harshen ba sa zuba su wuri ɗaya. *Former* labari ɗaya take bayarwa: ya riƙe abu kaza, ya bari. *Erstwhile* kuwa tana jan hankalin mai karatu ga sauyin da aka samu. Ka dubi kalmarmu ta "bazawara". Da ka ji ta ka ji labari biyu a lokaci guda, an yi aure, auren kuma ya ƙare. Haka *erstwhile* take. Shi ya sa in ka lura da sunayen da ta fi bi, za ka ga yawancinsu na dangantaka ne tsakanin mutane: *ally*, *friend*, *supporter*, *partner*, *rival*, *enemy*. Duk abubuwan da kan juye ne.

Ka ɗauki Thomas Sankara da Blaise Compaoré a Burkina Faso. Aminai ne tun suna ƙananan hafsoshi, kuma Compaoré ne ya jagoranci sojojin da suka ɗora Sankara kan mulki a watan Agustan 1983. Ranar 15 ga Oktoban 1987 aka kashe Sankara a Wagadugu a juyin mulkin da ya kawo Compaoré kan kujera, ya kuma zauna a kanta har 2014. Marubucin da ya ce Sankara ya faɗi a hannun *his erstwhile friend* ya zaɓi kalmar da ta dace, don duk nauyin jimlar yana kan cewa amincin ya rikiɗe. In ya ce *former friend* bai yi kuskure ba, sai dai ciwon ya ragu. Haka Amurka da Tarayyar Soviet, da suka haɗa kai suka yaƙi Jamus ta Hitler, bayan 1945 suka koma ba sa ga maciji da juna. Su ne *erstwhile allies*. Ba kullum ne kuma sauyin yake zama na ɓaci ba. Faransa da Jamus sun gwabza a 1870, da 1914, da 1939, amma a 1963 shugabanninsu, de Gaulle da Adenauer, suka sa hannu a yarjejeniyar ƙawance a birnin Paris. Su kuma *erstwhile enemies* ke nan, abokan gaban jiya da suka dawo suna ɗasawa.

To a nan ne "tsohon" da kake sakawa zai iya yi maka ɓarna. Kalmarmu ta "tsoho" tana ɗauke da kaya uku. Akwai tsufan shekaru, kamar tsohuwar mota. Akwai barin muƙami, kamar tsohon gwamna. Akwai kuma daɗewa, kamar tsohon ciwo ko tsohon ɗan kasuwa. In sunan da ke biye muƙami ne, ba matsala, kowa ya ji "tsohon minista" ya san ya sauka. Amma ka ce wa Bahaushe "wane tsohon abokina ne", me zai fahimta? Zai fahimci kun daɗe tare, tun ƙuruciya wataƙila, kuma har yanzu kuna tare. Wannan a Turanci *old friend* ne. *Erstwhile friend* kuwa kishiyarsa ce, wanda kuka ɓata. Ka ga in jarida ta rubuta cewa wani ɗan siyasa ya sha suka daga *his erstwhile ally*, kai kuma ka karanta wa masu sauraro "tsohon abokin tafiyarsa ya soke shi", rabinsu za su ɗauka rikicin cikin gida ne ya ɓarke yau, alhali an daɗe da rabuwa.

Hausa ba ta rasa yadda za ta faɗi wannan ba, sai dai ba lalle da kalma ɗaya ba. Kana iya cewa "wanda a da na hannun damansa ne", ko "amininsa na da, kafin su raba gari", ko "ubangidansa a siyasa da yanzu suka yi hannun riga". In gaba ce ta koma zumunci, ka ce "waɗanda a da ba sa ga maciji da juna". Jimlar za ta ɗan ƙara tsawo, amma mai sauraro ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa kamar mai jarida a hannu, don haka gara ka ba shi labarin a buɗe. Ni dai ina ganin mai fassara da ya nace sai ya sami kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya yana cutar harsunan biyu ne.

Wani abin kuma, jaridunmu na Nijeriya suna son *erstwhile* fiye da kima. Za ka ga *erstwhile governor*, *erstwhile commissioner*, *erstwhile coach*, a wuraren da ba wani sauyi ake son nunawa ba, kawai marubucin ya gaji da maimaita *former* ne. In ka ga irin wannan, sa "tsohon" abinka, ka yi daidai. Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Turancin Indiya ya fi namu riƙe ta, har ta zama kalmar ofis a can. Suna kiran masarautun da suka narke cikin ƙasar bayan samun 'yancin kai a 1947 *erstwhile princely states*, kuma tun da aka raba jihar Jammu da Kashmir gida biyu a 2019, jaridunsu kan rubuta *the erstwhile state*. A wurinsu ba ta da wani ƙamshi na musamman. Mai karatu a Landan ko New York kuwa yana jin ta kalmar adabi ce mai ɗan tsohon yayi, wani lokaci ma da ɗan zambo a ciki, kamar a kira wanda ya ci amana *our erstwhile champion*. Saboda haka in kana rubuta takardar neman aiki, kada ka ce *my erstwhile employer*. Mai karantawa zai iya zaton rabuwar ba ta yi daɗi ba. *My former employer* ko *my previous employer* ya wadatar.

Akwai ma wuraren da *former* ce kaɗai ke shiga. In muƙamin ya zama kamar laƙabi a gaban suna, *former President Olusegun Obasanjo* ake rubutawa. Sannan *former* tana da wani aiki na daban, idan an ambaci abu biyu ana so a koma kan na farkon, wato *the former* da *the latter*. *Erstwhile* ba ta taɓa yin wannan aiki.

Bari in nuna maka wani tarko da ya fi na mai gabatarwar taronku yawa a rubutu, wato tarkon lokaci. Ka ɗauki Alhaji Shehu Shagari. An rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1979, sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disambar 1983, ya rasu a watan Disambar 2018. In ana ba da labarin daren juyin mulkin aka rubuta *the erstwhile president was overthrown in 1983*, an yi tuntuɓe, domin a daren shi ne shugaba mai ci, ba a kifar da wanda ya riga ya sauka. Abin da ya dace shi ne *the then president*, mu kuma mu ce "shugaban ƙasa na lokacin". In labarin na shekarun da ya yi a gida bayan mulki ne, sai a ce *the former president*. Bayan 2018 kuwa *the late*, wato marigayi. Mutum ɗaya, kalma uku, kowace da zamaninta. Kada ka taɓa sa *erstwhile* a madadin *late*. Cewa *her erstwhile husband* na nufin sun rabu, ba rasuwa ya yi ba, kuma ka san irin ɓacin ran da wannan zai jawo in ya fita a sanarwar ta'aziyya.

A nan ma Hausar gidan rediyo ta fi Turancin jarida rarrabewa, kuma ya kamata ka ci moriyar hakan. Muna da "mai barin gado" ga wanda wa'adinsa ya zo ƙarshe amma bai miƙa ba tukuna, shi ne *outgoing*. Muna da "hamɓararre" ga wanda aka kifar, "tuɓaɓɓe" ga wanda aka cire wa rawani, "mai murabus" ga wanda ya ajiye da kansa, "mai ritaya" ga soja ko ma'aikaci. Ɗan jarida na iya lulluɓe duk waɗannan da *erstwhile* guda. Kai da ka san yadda mutumin ya bar kujerar, zaɓi wadda ta faɗi gaskiyar abin da ya faru, muddin ka tabbatar.

Sai *bygone*. Ita daga *by* da *gone* aka ƙera ta, abin da ya zo ya shige. Bambancinta da *erstwhile* a fili yake in ka dubi abin da kowace ke bi. *Erstwhile* tana bin mutum ko abu ta fuskar matsayin da ya bari, shi kuwa yana iya kasancewa da ransa. *Bygone* zamani take bi, da abin da ya tafi tare da zamanin: *a bygone era*, *a bygone age*, *bygone days*. Kuma kusan kullum da ɗan bege a cikinta. Wanda ya ga hoton dalar gyada a Kano, buhuna jere har sama ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, zai ce hoton *of a bygone era* ne. Mu sai mu ce "zamanin da", ko "lokacin da duniya na kwance", ko mu yi ajiyar zuciya mu ce jiya ba yau ba. Ba a cewa *bygone governor*, ba a kuma cewa *my bygone friend*. Tana zama suna a magana ɗaya da ta shahara, *let bygones be bygones*, wato abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna. In ka ci karo da ita a labarin sulhu, kada ka wahalar da kanka, haka za ka faɗa.

Sauran dangin ba sa buƙatar dogon bayani. *Olden* ba ta fita sai tare da *days* ko *times*, kuma ta fi dacewa da bakin mai ba yara labari. *Defunct* ta hukuma ce ko kamfani ko jam'iyyar da ta daina wanzuwa ɗungurum, kamar Jihar Arewa da aka rushe a 1967 lokacin da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ko jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da suka narke suka zama APC a 2013. Kun riga kun sami fassararta mai kyau a gidajen rediyo, "rusasshiya", kamar yadda kuke cewa rusasshiyar Tarayyar Soviet. *Obsolete* abin da yake nan amma an daina yayinsa ne saboda wani ya maye gurbinsa, irin keken rubutu da kaset. *Previous* na nufin wanda ya gabaci na yanzu kai tsaye, shi ya sa jiha na iya samun *former governors* da yawa amma *the previous governor* ɗaya ne, wanda 'yan jaridarmu ke kira *immediate past governor*. *Ex* kuwa ta kanun labarai ce da hirar baka, saboda gajartarta. Akwai wasu biyu, *quondam* daga Latin da *whilom* daga tsohon Turanci, masu ma'ana ɗaya da *erstwhile*. Ka san su don in ka gamu da su a tsohon littafi, amma kada ka rubuta su, ba mai fahimtarka.

In ka juya kana fassara daga Hausa zuwa Turanci, nan ma "tsoho" sai ka tsaya ka tambaye shi wanne daga cikin kayansa uku ya ɗauko. "Tsohon soja" yawanci *ex-soldier* ne ko *veteran*. "Tsohuwar matarsa" *his ex-wife* ce ko *his former wife*, in ka rubuta *his old wife* ka ce ta tsufa ne kuma tana ɗakinta. "Tsohon ɗalibi" *former student* ne, ko da yake a nan Turancin ma yakan yi irin namu, don ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa *Old Boys* take kiran 'ya'yanta, kuma ba tsufansu ake nufi ba. "Tsohon gari" kuma, irin na cikin ganuwa, *the old city* ne, tunda yana nan da mutanensa. Sai in an tashi an bar shi ya zama kufai, ko hedikwata ta koma wani wuri, sannan za ka ce *the former capital* ko *the erstwhile capital*, kamar Legas tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a watan Disambar 1991.